A bar wa jirgin alhazai man rana

Duk wanda ya taɓa hawa saman bene a Makka bayan azahar a watan Yuni ya san ba a ajiye sifana a rana. Ka ajiye ta ka juya duba wata waya, kafin ka waiwayo sai da tsumma za ka ɗauke ta. Shekara ashirin da 'yan kai ke nan ina gyaran mukayyif, abin da mutanen Kano ke kira esi, kuma rabin shekarun nan a saman gidajen mutane na yi su, tsakanin tankunan ruwa da kwamfaresoci masu huci. Rana tana gasa maka ƙeya, injin yana feso maka zafin ɗakin maigida a fuska. A irin wannan tsayuwar ne wani tunani ya daɗe yana cina: ranar da ke ƙona min hannu kyauta take sauka, amma wutar da ke juya injin da nake gyarawa, kaso mai yawa nata sai da aka ƙona mai aka same ta.

Wata hira da aka yi a majalisarmu ta Shara Mansur bayan isha'i ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ana cikin shan shayi ɗan ƙanwata ya miƙo waya yana ɗoki, wai an gano yadda za a riƙa mayar da hayaƙi fetur da hasken rana, kuma har da nan Saudiyya za a yi. Kawuna, wanda ya yi shekara talatin yana jigilar alhazai tsakanin Makka da Madina kafin ciwon gwiwa ya zaunar da shi, ya ajiye kofinsa ya ce, "To alhamdu lillahi, an huta da surutun ɗumamar yanayi. Kowa ya ci gaba da ƙona mansa, in ya zama hayaƙi a tattaro a sake tacewa." Wani dattijo a gefensa ya ce shi sam bai yarda ba, tatsuniyar Turawa ce, yaushe toka ta taɓa komawa itace? Ban tanka ba a wurin, don ba a katse manya. Amma a raina ban bi ko ɗayansu ba.

Ta dattijon ta fi sauƙin amsawa. Toka ba ta komawa itace, gaskiya ne, amma hayaƙin yana komawa, kuma a gaban idonmu ake yi kullum. Dabinon Madina da me ya yi zaƙinsa? Ganye ne ya ja iskar kabon dayoksaid daga sarari, saiwa ta jawo ruwa, rana ta ba da ƙarfin haɗa su. Shi kansa ɗanyen man da ke kwance ƙarƙashin Gawar, babban filin man Saudiyya, aikin rana ne, ƙananan halittun teku suka yi shi shekaru miliyoyi da suka wuce, ƙasa ta danne shi ta dafa. Masana so suke su yi aikin ganye da na'ura, su kuma fi ganye, don abin da yawancin shuke-shuke ke adanawa daga hasken da ya sauka musu bai wuce kashi 1 ko 2 cikin 100 ba.

Hanyar da ta fi kama ƙasa a yanzu ba ta da wuyar ganewa. Farantin sola ya ba da wuta, a saki wutar cikin ruwa ta raba shi gida biyu, haidirojin da oksijin. A ɗebi haidirojin a haɗa shi da kabon dayoksaid cikin zafi da matsi, a gaban wani haɗin jan ƙarfe mai aikin dillali: shi ba ya saye ba ya sayarwa, amma in babu shi ciniki ba ya faɗawa. Abin da ke fitowa shi ne metanol, daga metanol kuma ana iya yin fetur ko kananzir ɗin jirgin sama. Tan ɗaya na metanol yana cin kusan tan 1.4 na iskar kabon da kilo 190 na haidirojin. Akwai wata hanyar da ba ruwanta da lantarki, madubai ne ke tara rana wuri ɗaya har zafi ya kai digiri 1,500, a gasa wani sinadari da shi, in ya fara hucewa sai ya ƙwace oksijin daga jikin ruwa da na kabon. Farfesa Aldo Steinfeld da ɗalibansa sun kafa irinta a saman rufin jami'arsu a Zurik a 2019. Abin da take bayarwa a yini bai fi cikin ƙaramin kofin shayin da kawuna ya ajiye ba, amma mai ne na gaske, daga iska da rana kawai.

Kuma sana'ar ba yau ta faro ba. Tun 1925 masana biyu a Jamus, Franz Fischer da Hans Tropsch, suka nuna yadda ake haɗa mai daga iskar gas, Afirka ta Kudu ta ɗauki dabarar tana yin mai da kwal tun 1955. Sabon abin shi ne inda kabon da ƙarfin wutar suke fitowa. A ƙarshen 2022 an buɗe wata 'yar masana'anta a kudancin Cile mai haɗa fetur da wutar iska. A 2025 Denmak, ƙasar da rana ke yi wa rowa, ta buɗe wata a Kasso da aka tsara ta fitar da tan 42,000 na metanol a shekara da wutar sola. Saboda haka, Baba, ba tatsuniya ba ce.

Ta kawuna ce mai nauyi, don abin da ya faɗa shi ne abin da mutane da yawa ke so a gaya musu, har da masu sayar da mai.

A watan Oktoban 2023 kamfanin man Saudiyya Aramco da ENOWA, kamfanin wuta da ruwa na NEOM, sabon birnin da ake ginawa a arewa maso yammacin ƙasar, suka sanar cewa za su gina masana'antar gwaji da za ta riƙa fitar da ganga 35 na fetur ɗin haɗi a rana. Ganga lita 159 ce, ke nan lita 5,500 da ɗoriya, abin da zai cika tankin mota ɗari ko kusa da haka. Ƙasar nan tana haƙo ganga miliyan 9 zuwa 10 a rana. Yinin masana'antar gaba ɗaya, rijiyoyin suna fitar da shi cikin ƙasa da rabin sakan. Na ce sakan da gangan, don mu 'yan nan in aka ce daƙiƙa minti muke ji, irin na Larabawa. Ba raini nake yi ba, gwaji ne, kuma da gwaji jirgi ya tashi sama. Amma ko babbar masana'antar haidirojin da ake ginawa a NEOM, wadda kuɗinta ya kai dala biliyan 8.4, aka kuma tsara ta fitar da tan 600 a rana, in ka auna ƙarfin abin da za ta bayar da ma'aunin ɗanyen mai, ganga dubu 12 ne ko kusa da haka. Duniya tana shan ganga miliyan 100 kullum. Wanda ya ce a ci gaba da ƙonawa don ana zuwa da maganin, ya duba tazarar nan tukuna.

Sai kuma abin da sana'ata ta koya min tun ina yaron shago: duk inda ƙarfi ya sauya kama, sai ya bar wani abu a hanya. Ka taɓa jikin kwamfaresa ka ji zafi, wannan zafin kuɗin maigida ne ke tsiyaya. Man rana sauya kama yake yi sau huɗu ko biyar, kowace ƙofa da kuɗin shigarta. Lita ɗaya ta fetur tana ɗauke da ƙarfin kusan kilowat 9 na awa guda, amma kafin a haɗa ta sai an kashe wajen 20. In ta shiga injin mota kuma, kashi ɗaya cikin uku ko cikin huɗu ne ke isa taya, sauran ya bi lagireto da salansa. Wannan wutar da ake kashewa a haɗa lita ɗaya ta isa ta riƙe mukayyif tan ɗaya da rabi daga isha'i har bayan asuba. In ka zuba ta a batirin motar lantarki, za ta kai ka Jidda daga Makka. In ka mayar da ita fetur ka zuba a tsohuwar motata, kilomita goma sha wani abu za mu yi mu tsaya, ko shingen Shumaisi da ke kan hanyar Jidda ba mu kai ba. Zuwa da kai ya fi aike, kuma fetur ɗin haɗi aike ne ta hannun 'yan saƙo biyar, kowa yana gutsura.

Shi ya sa nake yawan tuna Shu'aiba. Wannan gaɓar da ke kudu da Jidda ita ce tashar jiragen ruwan Makka ta dā, daga nan sahabbai suka hau jirgi zuwa Habasha. Yau akwai ɗaya daga cikin manyan tashoshin wuta masu ƙona mai a duniya a wurin, da matatun ruwan teku da muke sha a Makka da Jidda da Ɗa'if. A wannan yankin ne kuma aka ƙulla cinikin wutar sola a 2021 kan santi 1.04 na dala kowane kilowat na awa, ƙasa da halala 4 (halala ɗari ke yin riyal ɗaya), farashin da duniya ba ta taɓa jin irinsa ba a lokacin. Mu a fatura, wato takardar kuɗin wuta, halala 18 muke biya a matakin farko. Fiye da rabin wutar gidajenmu mukayyif ke sha, kuma lokacin da ya fi sha shi ne lokacin da rana ta fi ƙarfi, kamar dama an halicce su don juna. Hukuma da kanta ta ce tana so ta janye ganga miliyan ɗaya na mai a rana daga tashoshin wuta da matatun ruwa da masana'antu kafin 2030, rabin wutar ƙasa kuma ya koma na rana da iska. An yi Sakaka mai megawat 300, an yi Sudair mai 1,500, ana ƙara wasu. To muddin akwai tukunya ɗaya da ke ƙona ɗanyen mai da tsakar rana don a sanyaya ɗaki, kowane faranti da aka kafa can ya kamata wutarsa ta fara zuwa. Ka ƙona ganga a Shu'aiba don sanyi, ka kuma kashe wutar rana a NEOM don haɗa rubu'in ganga, wannan ɗinki ne ta gaba ana farkewa ta baya.

Akwai kuma tambayar da ɗan ƙanwata bai gani a wayarsa ba: kabon ɗin daga ina? In daga bututun hayaƙin matatar mai aka kamo shi, to kabon ƙarƙashin ƙasa ne, an dai yi masa aiki biyu kafin a sake shi sama. Ya fi a sake shi kai tsaye, amma sama ɗin dai zai je. Sai in daga iska aka tsamo shi, ko daga ragowar shuka, sannan za a ce abin da aka ɗauka shi aka mayar. Tsamowa daga iska kuwa aiki ne ja. A cikin kowane kaso miliyan na iska, 420 da 'yan kai ne kabon dayoksaid, wato kamar a ce ka nemo mutum ɗaya cikin mutum 2,400 masu ɗawafi, dukansu sanye da harami. Kamfanin Climeworks ya buɗe babbar masana'antarsa a Aisland a 2024, an tsara ta kan tan 36,000 a shekara, kuɗin kama tan ɗaya kuma ɗaruruwan daloli ne. Kowace lita ta fetur tana sakin kusan kilo 2.3. A nan gida ana kama kabon tun 2015: wajen tan dubu 800 a shekara ake tura wa ta bututu daga Hawiya zuwa Usmaniyya, a cusa shi ƙasa ya taimaka wajen turo ƙarin mai. Fasaha ce mai kyau, amma mai karatu ya lura da abin da take turowa.

Da a nan zan tsaya, da sai a ce ina bayan dattijon nan ne ta wata ƙofar. A'a. Ina son man rana, ina so a zuba masa kuɗi, kuma dalilina jirgin alhazai ne.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, da ƙafa ya zo ƙasar nan daga ƙasar Katagum. Ya bi ta Cadi, ya zauna wurin 'yan uwa a Mai Wurno ta ƙasar Sudan, ya yi kakar auduga uku a Jazira yana tara kuɗin jirgin ruwa, sannan ya ƙetaro Bahar Maliya. Yana ba mu labarin tafiyar da shekaru yake ƙirgawa. Jikokin ƙannensa yanzu daga Kano suke tashi su sauka Jidda cikin awa huɗu da wani abu, kafin yaƙin Sudan ya rufe sararin samaniyarta a 2023 ya tsawaita hanyar. A Hajjin 2024 mutum miliyan 1.8 suka tsaya Arfa, fiye da miliyan ɗaya da rabi ta jirgin sama suka iso. Ba wanda zai koma tafiyar ƙafa, kuma babu batirin da zai ɗauko mutum ɗari huɗu daga Kano, kilomita dubu uku da ɗoriya, don kilo ɗaya na kananzir yana ɗauke da ƙarfin da sai ka tara kilo arba'in ko fiye na batiri kafin ka kamo shi. Mota tana da mafita. Tsakanin Makka da Madina ma jirgin ƙasan Haramaini yana gudu da lantarki tun 2018, sana'ar kawuna ce ya rage wa kasuwa. Jirgin sama mai dogon zango da manyan jiragen ruwa su ne ba su da wata ƙofa sai mai na ruwa-ruwa. A nan asarar da na lissafa ta zama abin haƙuri, don da babu gara ba daɗi.

Kuma wannan Hajjin na 2024 ba ya barin raina. Zafi ya kai digiri 51.8 a Harami, hukuma ta ce mutum 1,301 suka rasu. Yawancinsu ba su da tasrihi, wato takardar izinin Hajji, ba tanti, ba mota mai sanyi, saboda haka ba zan ɗora komai a kan ɗumamar yanayi ba. Amma a makon nan ina saman wani masauki a Aziziyya, injinan suna katsewa ɗaya bayan ɗaya don iskar da ya kamata ta sanyaya su ita ma ta zama wuta, muna zuba musu ruwa da tiyo kamar marasa lafiya. Jirgin da ke kawo baƙin Allah yana ƙara wa wannan zafin nasa kason, ko da ƙarami ne: jiragen sama gaba ɗaya kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na kabon da duniya ke fitarwa suke bayarwa. Ƙarami ne, amma shi ne mai wuyar cirewa, kuma shi ne namu.

In akwai ƙasar da ya kamata ta ɗauki wannan gabarar, wannan ce. Ga rana mafi araha, ga fili ba iyaka, ga teku a gefe don ruwan da za a raba, ga matatun Yanbu da Rabig da mutanen da suka san aikin tukunya da bututu tun kakanninsu, ga jami'ar KAUST a Suwal. Ga kuma abin da babu wata ƙasa da ke da shi: miliyoyin fasinjoji da dole su zo, Hajji da Umra, kowace shekara, ta filayen jirgi biyu. An riga an amince a gauraya kananzir ɗin haɗi da na gargajiya har rabi da rabi ba tare da an taɓa injin jirgi ba. Tarayyar Turai ta sa doka cewa daga 2030 kashi 1.2 cikin 100 na man da ake zuba wa jirage a filayenta ya zama irin wannan, ya hau har 35 a 2050. Me zai hana Jidda da Madina su sa tasu, su fara da kashi ɗaya? Ba a fafe gora ranar tafiya. Na fi son in ji wannan labarin da in ji an zuba man haɗi a motocin tseren da ke zagaya Kurnish, bakin tekun Jidda, kodayake na san talla ma tana da ranarta.

Na san inda za a kama ni, kuma kamun yana da ƙarfi. Man haɗi ya ninka na gargajiya tsada sau da yawa, ko da wutar ta yi araha, don na'urorin suna da tsada kuma rana tana faɗuwa su kwana ba aiki. Kujerar Makka daga Najeriya ta haura naira miliyan 8 a 2025. Ina ganin tsofaffin da suka sayar da gona suka zo, suna lissafin riyal biyar na abinci a bakin masauki. Ba zan yarda a ɗora musu ko sisin kwabo da sunan gyaran yanayin da ba su suka ɓata ba. Kashi ɗaya cikin ɗari ba zai girgiza farashin tikiti sosai ba, amma ɗan abin da ya ƙaru ma akwai masu ɗaukarsa: ribar ɗanyen mai, da masu jiragen kansu da ke sauka a goman ƙarshe na Ramadan, da mai Umra ta bakwai a kujerar gaba. Mai farali na farko a bar shi da abin da ya tara.

Bayan kwana biyu na raka kawuna asibiti duba gwiwar, a mota na kwashe duk wannan na gaya masa, a hankali, da "Allah ya ba ka haƙuri, Kawu" a gaba. Ya saurara har muka tsaya shan mai, lita riyal 2.18, farashin da bai motsa ba tun 2021. Ya dubi famfon ya ce, "Wato dai ni da kai ba za mu sha man ranar nan ba." Na ce masa in dai ta mota ce, ina fata kada mu sha. Ya ce to in ya tashi zuwa Kano ganin dangi, in tambaya masa ko an fara zubawa a jirgin.

Gobe da safe ina da aiki a wani bene mai hawa goma a Misfala, kwamfaresa goma sha huɗu a jere. Na hau rufin sau uku a bana. Bayan tankunan ruwa akwai fili da ya kai rabin filin ƙwallo, siminti tsirara, ba ko faranti ɗaya a kai, sai tantabaru da wata tsohuwar katifa.